Shukar da Na Binne

Ina tankaɗe a tsakar gida, bayan la'asar, wata Alhamis cikin damina, Baffanku Sani ya yi sallama. Bai saba shigowa ba sai an amsa masa sau biyu, amma ran nan ya shigo kai tsaye yana tura keken babanku. Keken na fara duba kafin fuskarsa. Akwai gwangwani ɗaure a bayan sirdi, ciyawar ruwa ta leƙo ta bakinsa, har lokacin tana ɗiga.

"Rabi, ajiye rariyar nan," in ji shi.

Na ajiye.

"Ya shiga kogin Chalawa bai fito ba. Ya cika gwangwanin, ya koma ya ƙaro. Masunta suna nema. Sai haƙuri."

Na yi salati. Daga nan na ɗauki rariyar na ƙarasa tankaɗen, domin ku uku ba ku ci abinci ba, kuma ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Washegari da hantsi aka same shi, aka kai shi makwancinsa kafin a tafi masallacin Juma'a.

Ba labarin mutuwar babanku nake so in ba ku ba, wannan kun sha ji. Watan jiya muka rabu da Baffanku, kuma na ga yadda kuka zauna a wurin gaisuwa, musamman ke babba, kamar baƙin da aka aiko. Na san dalili. Kun tashi da cewa shi ne ya kori mutanen Sabon Gari daga gidanmu tun ƙasar kabarin babanku ba ta bushe ba. Ke kina bayan ƙofar soro kin ji da kunnenki, kina da shekara bakwai, kuma a ranar kika rasa ƙawarki Ngozi. Abin da kika ji gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, ban iya ƙawata magana ba. Zan faɗi yadda aka yi.

Babanku tela ne a Fagge. Yana ɗinka wa matan wani coci kaya, a nan ya saba da Mista Nwosu, wani Ibo mai yanka gilashi a Sabon Gari, can wajen Bata. Nwosu ya je sa gilashin taga a gidan wani Bature ya ga kifi a cikin akwatin gilashi, ya zo yana ba da labari. Babanku ya hana shi sakat, sai da ya tattara ragowar gilashi ya haɗa masa irinsa: kamu biyu a tsawo, ƙarfe a gefuna, an liƙe da kwalta. Aka ɗora shi a kan benci a soron ciki, inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukansa. Aka zuba yashin kogi, aka cika da ruwa, babanku ya samo ƙananan karfasa huɗu a wurin masunta. Kakarku Inna, mahaifiyarsa, ta fito ta tsaya tana kallo, hannu a ƙugu.

"Kifin da Allah ya yi don miya, kai ka ba shi ɗaki da taga."

"Idan ya girma ke za ki ci, Inna."

"Ni? Kifin da ya san fuskata?"

Wanda bai zauna da karfasa ba ba zai san halinta ba. Ba ta barin ƙasa yadda ta same ta. Namijin yakan ɗebi yashi da baki ya tofar gefe, ya ɗiba ya tofar, har ya yi rami kamar ƙaramar ƙwarya, kuma duk abin da ke kusa da ramin sai ya tumɓuke shi. Macen kuwa idan ta yi ƙwai a bakinta take riƙe su, ba ta cin komai har su ƙyanƙyashe. A kwanakin nan namijin ba ya ƙaunar ganinta. A kogi sai ta shige ciyawa ta ɓuya. A cikin akwati babu inda za ta je. Haka babanku ya rasa biyu daga cikin huɗun, ya tsince su da safe a saman ruwa, jela a yage. Saura mace ɗaya da namiji ɗaya. Tun daga nan ba shi da magana sai ta abin da zai shuka a ruwan, wanda kifin ba zai ci ba, ba zai tona ba.

Ya gwada bado, ya dasa a yashi, kafin gari ya waye yana yawo a sama, saiwa a waje. Ya sa shi a ƙaramin kasko ya danne da tsakuwa, sai suka bar saiwar suka koma yagar sabon ganye. Ciyawa mai laushi ta bakin kududdufi ba ta kwana biyu, cinye ta suke yi kamar awaki. Kainuwa ta fi daɗewa, da yake a saman ruwa take ba ta da abin da za a tona, amma suna tsinke mata gashin ƙasa, kuma ta rufe haske, ga shi ba ta ba macen wurin ɓuya a ƙasa inda ake korarta. Ita ce ma ta jawo mana duba-gari, ya ce muna kiwon sauro. Babanku ya ɗebo ruwan tsohuwar randa mai 'ya'yan sauro ya zuba a gabansa, kifin suka share su nan take. Mutumin ya rufe littafinsa, ya nemi kujera ya zauna kallo.

Da yamma Nwosu kan zo a kan kekensa, su zauna a soron su biyu. Daga tsakar gida ina jin su.

"Malam, kai tela ne, ka ɗinka musu ganye da yadi mana."

"Kai da ka yi akwatin, me ya sa ba ka yi shi da ɗaki biyu ba? Ka taɓa ganin gidan aure da ɗaki ɗaya?"

"A Sabon Gari? Zo ka ga namu."

A irin wannan zama ne Nwosu ya tuna da wani ganye na rafin garinsu. Ya ce yana da kauri kamar fata, kifi ba ya cinsa, kuma ba ya son rana. Matarsa za ta je gida ganin uwarta, za ta taho da shi. Matar tasa, Maman Ngozi, ta saba da cikin gidanmu. Takan kawo yadi ta zauna a tabarmata ta miƙe ƙafa, ta ci tuwo, ta ce miyar kukata da ruwan akwatin uwarsu ɗaya. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "kai" ne a wurinta, kuma Amarya take kirana ina da 'ya'ya uku. Ba ni da wata ƙawa da ke sa ni dariya kamarta. Ta hau jirgin ƙasa ta tafi da niyyar wata ɗaya, uwarta ta kwanta ciwo, ta yi uku. Ana cikin haka babanku ya ga namijin ya fara sabon rami. Ya ce ba zai zuba ido a kashe masa ta ƙarshe ba, zai je Chalawa ya nemo wata ciyawa mai tauri da ya taɓa gani a can. Ya tafi ranar Alhamis.

Bayan sadakar bakwai Inna ta fito da taɓarya ta nufi soron ciki. Ba ta yi ihu ba. Ta ce abin da ya ci mata ɗa ba zai kwana a gidan ba. Baffanku ne ya tsaya tsakaninta da akwatin.

"Inna, kayan marayu ne. Ba ni da ikon fasa shi, ke ma ba ki da shi."

"Ka matsa, Sani."

"Ki doke ni tukuna. In ya so ki wuce."

Ta daɗe tana dubansa, sannan ta jingine taɓaryar a bango ta koma ɗaki. Wannan ba ku gani ba, an kai ku maƙwabta. Daga ranar ni ce mai kula da kifin. Ina takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita, ba kwalli, ba lalle, amma soron ciki cikin gida ne. Da safe kafin maza su fara shigowa sai in kwashe ƙwarya uku na tsohon ruwa in zuba sabo wanda ya kwana a tulu, in ba su dusa kaɗan, yadda na ga yana yi. Ciyawar da ya mutu a kanta na zuba musu. A kwana uku suka cinye ta.

Ban yi kuka a gaban kowa ba. Haka aka rene mu, kuma mata masu zuwa gaisuwa suna yaba mini, suna cewa Rabi akwai tawakkali. Ina jin su.

Kwana ashirin da rasuwar, da hantsi, muka ji kururuwa tun daga bakin titi. Maman Ngozi ce. A tasha aka gaya mata, ko gida ba ta je ba. Ta shigo da ƙunshi a hannu, ta zube a tsakar gida tana birgima, tana dukan ƙasa, tana kiran sunan babanku da ƙarfi, sunan da ni ban taɓa furtawa ba tun da aka kawo ni gidan. A garinsu haka ake yi, wanda bai yi haka ba bai ji mutuwar ba. Na san wannan yanzu, kuma ina jin ko a lokacin na sani. Matan da ke zaune suka sunkuyar da kai. Inna ta tashi ta shige ɗaki. Ni kuwa ina zaune a tabarma ina kallonta, wani abu ya taso mini wanda ban san ina da shi ba. Na daɗe ina neman sunansa. Wani ɓangare kunya ce. Wani ɓangare kuma, tana yin abin da ni aka hana ni, a gidana, a kan mijina. Sauran shi ne ƙunshin. Ruwa yana ɗiga daga gare shi kamar yadda ya ɗiga daga gwangwanin.

Da ta nitsa ta matso ta kwance shi. Zanenta ne ta jiƙa ta naɗe ganyen a ciki, ta ce kwana biyu a jirgi tana yayyafa masa ruwan shanta. Ganye ne kore shar, mai duhu, kamar na lemo amma ya fi kauri, guda tara, duk sun fito daga wani gindi da ke kwance kamar citta.

"Amarya, ga shi. Na kawo masa."

"Kin makara," na ce.

Ta dube ni. Ta share fuska da bayan hannu.

"To. Bari in nuna maka yadda ake sa shi, akwai yadda..."

"Ni 'yar manomi ce. Ba a Sabon Gari za a koya mini shuka ba. Ajiye ki tafi."

Ban ɗaga murya ba, ko matan da ke gefe ba duka suka ji ba. Ta ajiye, ta tashi, ta tsaya kaɗan ko zan ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Ta fita ba takalmi, sai daga baya aka bi ta da su.

Washegari Nwosu ya zo soron waje. Baffanku ya shigo ya tsaya daga bakin ƙofata da wata takarda a ninke.

"Mai gilashi ne. Ya ce lallai a ba ki wannan, a kan ganyen ne. In karanta miki?"

"A'a, Yaya. Kuma ka gaya masa ya daina zuwa, shi da iyalinsa."

"Rabi, mutanen nan ba su yi mana komai ba."

"Na sani. Ba na son ganinsu."

Sai ya ajiye takardar a bakin ƙofa ya fita. Abin da ya faɗa wa Nwosu shi ne abin da kika ji: cewa shi ne babba a gidan yanzu, kuma shi ya yanke cewa zumuncin ya tsaya nan. Bai ambaci sunana ba. Da na tambaye shi daga baya, ya ce mai takaba ba a ɗora mata magana, unguwa za ta daɗe tana juya ta. Takardar kuwa na tura ta ƙarƙashin jeren kwanonina ban buɗe ba.

Na shuka ganyen yadda na san ana shuka. Na tona yashi da yatsa, na binne gindin nan mai kama da citta gaba ɗaya, na danne, na kewaye shi da tsakuwa kamar yadda babanku ya yi wa bado. Ban taɓa ganin abin da ke da saiwa aka bar shi a waje ba. Kuma da farko komai ya tafi yadda Nwosu ya faɗa. Namijin ya zo ya ciji ganye ɗaya, ya sake shi, ya sake gwadawa, ya haƙura. Ya tona gefen tsakuwar bai iya ɗaga ta ba. Bayan kwana biyar na ga maƙoshin macen ya cika, ta daina cin dusa, ta shige ƙarƙashin ganyen ta tsaya cik. Namijin yana zagayawa ba ya ganinta. Na zauna a ƙasa a gaban akwatin har rana ta ɗaga. Abin da babanku ya nema shekara guda ke nan, ga shi a gabana, shi kuma ba ya nan.

A kwana na goma ganye ɗaya ya yi rawaya ya rabu da gindin ya taso sama. Na ce baƙunta ce. Na ƙara yashi a kan gindin, a tunanina bai ji ƙasa sosai ba. Washegari biyu suka taso. Ruwan ya fara wari. Kafin mako ya zagayo saura ganye uku, ba su isa su rufe komai ba, namijin ya gan ta. Na sa hannu na raba su, na sa ƙwarya a tsakani, ya ture ta. Ta tofar da 'ya'yan tun ba su isa ba, ƙanana kamar ƙwayar gero, ya bi su ɗaya ɗaya. Da safe na same ta a sama.

Na tona gindin. Ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen rogo, yana narkewa a hannuna. Sai a lokacin na je na ɗaga kwanonin na buɗe takardar. Ban iya karatu ba a shekarar, amma ba na bukatar karatu. Zane ne da fensir: dutse, ganyen a kansa, gindin a waje, an ɗaure shi da zare. A ƙasa akwai layi biyu. Na kai wa Baffanku.

"Ya ce kada a binne. A kan dutse yake rayuwa, idan an rufe gindin ruɓewa yake. A ɗaure shi da zaren Malam har ya kama da kansa."

Ya ninke takardar ya miƙo mini. Bai ce komai a kai ba, ran nan ko wata rana. Gidan cike yake da zare. Keken ɗinkin babanku yana nan a soron, taku uku daga akwatin, da baƙin zare a jikinsa yadda ya bar shi.

A ƙarshen gindin akwai ɗan wuri mai tauri, tsawon gaɓar yatsa, da ganye biyu. Na yanke shi da almakashin babanku, na wanke, na ɗaure a kan dutse. Namijin kuma na ce ba na son ganinsa, Baffanku ya kai shi kududdufi ya sake shi. Ganyen ya rayu. A hankali yake girma, ganye ɗaya a wata, saiwarsa ta kama dutsen har zaren ya ruɓe ya faɗi ba a sani ba. Shi ne wanda kuka tashi kuna gani a akwatin da babu kifi, kuna tambayata amfaninsa. Sau biyu Baffanku ya ce zai samo wasu karfasa, na ce a bari tukuna. Ganyen ya shekara tara a wurina, har kwaltar ta tsage wata bazara muna ƙauye, ruwan ya tsiyaye.

Na yi niyyar zuwa Sabon Gari ranar da na fita takaba. Tsakanin Fagge da can titi ɗaya ne, ana jin ƙararrawar cocinsu daga tsakar gidanmu. Na wanke zanen da ta naɗo ganyen a ciki, na ninke, na ce ba a mayar da abu haka, sai na yi mata alkaki. Da na yi alkakin na ce sai na san abin da zan faɗa. Sau ɗaya na hango ta a kasuwa tana ciniki, na juya ta wani layi. Ita ma ba ta sake zuwa ba, an ce kada ta zo, kuma ta san wanda ya ce. Bayan shekaru, lokacin da mutanen Gabas suka tashi daga Kano, Baffanku ya je shagon Nwosu ya tarar da shi a buɗe, babu kowa. Ya tambaya har ya gaji. Ba mu san ko sun isa gida ba.

Da za a yi aurenki, ke babba, Baffanku ne waliyyinki, kika ƙi shiga ki gaishe shi sai da aka ja ki. Na ce masa zan gaya miki gaskiya. Ya ce, "Ta rasa uba. Kada ta rasa uwa a kan ganye." Na karɓi wannan domin ya yi mini sauƙi, na bar shi ya ɗauka shekara arba'in da wani abu. Ban ce ku yafe mini ba, wannan naku ne. Na ce dai ku san wanda za ku yi wa addu'a da zuciya ɗaya, kuma 'ya'yansa suna nan a Fagge, kun san gidan.

Takardar tana cikin adakata, a ƙasa. Zanen yana tare da ita, shuɗi mai ɗigon fari, a wanke, a ninke. Ban mayar mata ba.